Tafintan da Ya Kai Ni Indiya

Ranar da jirginmu ya sauka a Indiya, wani ma'aikaci ne ya turo ni a keken marasa lafiya har bakin ƙofar fita, ya ajiye ni kusa da wani ginshiƙi, ya yi tafiyarsa. Na zauna da jaka a cinya ina kallon jama'a, sai ka ce an haɗa kasuwanni goma an zuba su a ɗaki ɗaya. Babu wanda ya yi mini sallama. Na fi awa biyu a wurin, fitsari ya matse ni, ban san yadda zan tambayi makewayi ba. Can sai na ji an ce, "Rabi ta gidan Malam Habu?" Jin Hausar nan kawai sai hawaye suka zubo mini.

Alhaji Sabo ne. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, a zaurenmu a Daura, cikin babbar riga. Yanzu kuwa ƙaramar riga ce da wando a jikinsa, ga waya biyu a hannu.

"Sannu da hanya. Kawo fasfonki in adana miki, garin nan ba a yawo da takarda."

Na nuna masa aljihun jakar ya zaro da kansa, don yatsuna ba sa iya jan zif.

Ni mai kitso ce. Tun ina budurwa nake yi, kuma idan za a yi biki a unguwarmu tun da hantsi ake kama layi a tsakar gidana. Shekara shida kafin wannan tafiya yatsuna suka fara kumbura. Da farko da safe kawai suke sandarewa, in rana ta ɗaga su saki. Daga baya abin ya haura wuyan hannu, ya sauka gwiwa da idon sawu, yatsun suka karkace gefe guda. Aka ce sanyi ne. Aka ce jifa ne, wai wata mai kitso ce ta yi mini saboda hassada. Wanzami ya yi mini tsaga da ƙaho, wani maɗori a Zango ya ja yatsun har na suma, na sha sassaƙe, na sha ƙwayoyin kemis har fuskata ta yi suntum. Mijina Malam Habu tumaki yake sayarwa a kasuwar Mai'adua, kuma babu inda aka kwatanta masa da bai kai ni ba. Shekararmu goma sha uku da aure Allah bai ba mu haihuwa ba, ga kuma wannan ciwo.

Wani abokin cinikinsa ne ya haɗa shi da Alhaji Sabo, wanda aka ce aikinsa kai marasa lafiya Indiya da yi musu tafinta. Ya dubi hannuna ya ce akwai asibitin da ke neman masu irin ciwona ido rufe, magani kyauta, cikin wata shida na warke. Ya ce bizata ta fito, ta Malam za ta biyo baya nan da mako guda, kafin nan matarsa za ta riƙe ni kamar ƙanwarta.

A cikin a-daidaita-sahun da ya ɗauko mu na tambaye shi, "Alhaji, Hajiyar tana gida?"

"Ta tafi ganin gida," ya ce, bai ko ɗago daga kan waya ba.

"Yaushe za ta dawo?"

"Za ta dawo."



Masaukin wani dogon bene ne a bayan asibiti, cike da baƙi masu jinya daga ƙasashe daban-daban. Alhaji yana da ɗakuna uku da yake kama wa mutanensa, amma a lokacin ni kaɗai ce tasa. Ɗakina na hawa na huɗu, gado ɗaya, taga ɗaya da ke kallon bangon wani gida. Sau biyu a rana ake kawo abinci a kwanon silba, shinkafa da wata miya mai ƙamshin kayan yaji da ban san su ba. Da an buɗe kwanon sai zuciyata ta tashi. Na yi ta amai har na daina ƙirgawa. Na ce abincinsu ne bai karɓe ni ba. Da na rufe ido fura nake gani, damammiya da nono mai sanyi, irin wadda Fulani ke kawowa ƙofar gidanmu da azahar.

Akwai wata tsohuwa 'yar ƙasar da ke sharar benen, siririya, da jan ɗigo a goshi. Rana ta uku ta shigo ta tarar da ni ina kokawa da zanen da na jiƙa, na kasa matsewa. Ta karɓa ta matse ta shanya. Kashegari ta kawo mini lemon tsami da ɗanyar citta a ƙulle a bakin gyalenta, ta nuna mini in dinga shinshinawa. Har na bar ƙasar ban san sunanta ba, ita ma ba ta san nawa ba.

Asibitin kuwa ban taɓa ganin irinsa ba. A hawan da ake kai ni, duk wanda ka gani gaɓa ce ke damunsa. Na ga mata zaune a jere da hannu irin nawa sak, yatsu a karkace gefe guda, farare da baƙaƙe, har da wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin ba. Na tsaya ina kallonsu baki buɗe. Shekara shida ina zaton ni kaɗai aka yi wa wannan abu. To su kuma wace mai kitso ce ta jefe su?

Likitar mace ce, gajera, mai furfura. Ta zaunar da ni ta riƙa danna gaɓoɓina ɗaya bayan ɗaya, daga yatsu zuwa kafaɗa zuwa gwiwa. Duk inda na yi ƙara sai nas ta yi alama a kan wata takarda mai zanen mutum. Da ta zo kan tabon tsagar da ke wuyan hannuna sai ta tsaya, ta shafa shi da babban yatsa, ta dube ni ta daɗe. Aka ɗauki hoton ƙashi. Ta manna shi a jikin fitila, ta yi ta nuna wurare tana bayani, ta yi magana mai tsawo tana kallon idona. Da ta gama na juya wajen Alhaji.

"Me ta ce?"

"Ta ce sanyi ne, za ki warke."

"Duk maganar nan?"

"Turanci ne, haka yake da tsawo."

Ni firamare na yi, na fi ƙarfi a Islamiyya. Turancina bai wuce gaisuwa da ƙirge ba, nasu kuma da sauri yake fita. Aka kawo takardu masu kauri. Likitar ta karanta shafi ta tsaya, Alhaji ya ce mini, "Ce e." Ta karanta wani, ya ce, "Gyaɗa kai." A ƙarshe aka shafa wa babban yatsana tawada. Saboda ya lanƙwashe sai da nas ta karkata takardar kafin ya zauna. Sannan aka ɗebi jini da fitsari, aka ce in dawo bayan kwanaki.

A cikin kwanakin nan na san Amna. Ina fitowa daga lif, na'urar hawa bene, gwiwata ta riƙe, na ce, "Wayyo Allah na!" Sai na ji wata murya a bayana ta ce, "Sannu, ƙanwata." Na waiga na ga doguwar mace baƙa cikin lafaya. Ta ce ita 'yar Sudan ce, amma kakanninta Hausawa ne da suka tafi aikin hajji a ƙafa, suka yada zango a can ba su dawo ba. Hausarta irin ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci, wani lokaci sai na yi tunani kafin in gane. A garinsu kantin magani take riƙe da shi, abin da ta karanta ke nan, kuma tana jin Turanci. Ta kawo mahaifiyarta ne aka canza mata ƙashin ƙugu. Ɗakinsu na jikin nawa.

Ta ja ni in gaida tsohuwar. Na shiga ina zaton zan tarar da ita a kwance, sai na gan ta tsaye tana takawa da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu. Amna ta nuna mini hoton ƙashinta, ga ƙarfe fari fat a cikin ƙugu kamar kan taɓarya.

"Wannan a jikinta yake?" na ce.

"A jikinta. Kwana biyu da aiki suka tashe ta tsaye."

Na yi salati. Tsohuwar ta yi dariya ta ce in zauna in sha shayi.

Da Alhaji ya ji na shiga ɗakinsu sai ya ɓata rai. "Malama Rabi, amanarki aka ba ni. Mutanen nan 'yan damfara ne, da daɗin baki suke farawa. Kada in ƙara jin kin shiga." Na tambaye shi bizar Malam, ya ce ana kai. Kullum Malam ya kira ni a waya sai in ce lafiya lau, don na san in na faɗi gaskiya ba zai iya cin abinci ba.

Ranar karɓar sakamako, da muka shiga sai likitar ta miƙe tsaye tana murmushi. Ta kama hannuna biyu a hankali, ta faɗi wata magana, ta ɗora tafinta a kan cikina. Nas ɗin ma murmushi take. Na dubi Alhaji. Fuskarsa ta canza. Ya yi wa likitar tambaya, ta girgiza kai. Ya sake yi, ta sake girgizawa da ƙarfi.

"Alhaji, lafiya?"

"Ta ce ciki ne," ya ce.

"Ciwon ciki? Dama na gaya maka amai nake ta yi."

"Shi ne. Datti ne ya taru. Sai an wanke shi kafin a fara miki magani. Nan da mako biyu za a sake gwaji."

"To me ya sa take dariya?"

"Ta ce ƙaramin abu ne, kada ki damu."

Kullum shi ke karɓar takardu. Amma ranar, yana waje yana amsa waya, nas ta ninke wata takarda ta tura mini cikin jaka, ta ja zif ɗin.

Bayan la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofata ya miƙo mini wata ƙaramar kwalba ta roba. Ya ce maganin wankin cikin ne, gobe da sassafe kafin in ci komai in haɗiye guda takwas a tashi ɗaya, jibi ma haka. Ya ce in na ga jini kada in tsorata, dattin ne ke fita. Na yi masa godiya. Har addu'a na yi masa.

Duk mai irin ciwona ya san safiya. Hannu kan tashi kamar na itace, sai an yi awa biyu ko uku kafin ya fara motsi. Bayan na yi sallar asuba a zaune, na ɗauko kwalbar na sa ta tsakanin tafukana na murɗa. Murfin ya yi ta juyawa yana ƙas-ƙas, bai buɗe ba. Ashe irin wanda sai an danna da ƙarfi sannan a murɗa ne. Na sa haƙori, muƙamuƙina ya amsa. Na matse ta a tsakanin gwiwoyi na danna da gwiwar hannu, ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin gado. Da ƙyar na jawo ta da tsintsiya. Na zauna ina kuka, ina cewa wace irin rayuwa ce wannan, mutum ya kasa buɗe maganin kansa. Na leƙa ko tsohuwa mai shara ta iso, ba ta iso ba. Gari ya waye sosai, ga shi ya ce kafin in ci abinci. Sai na ce bari in saɓa masa sau ɗaya. Na buga ƙofar Amna da gwiwar hannu.

"Yaya Amna, don Allah buɗe mini wannan."

Ta karɓa, har ta ɗora tafinta a kan murfin. Sai ta juya kwalbar ta karanta rubutun jikinta.

"Wa ya ba ki?"

"Alhaji. Na wankin ciki ne."

"Wannan ba na wankin ciki ba ne. Maganin ciwon gaɓoɓi ne mai ƙarfi. Sau ɗaya ake sha a mako, shi ma sai likita na duba jinin mutum. Nawa ya ce ki sha?"

Na gaya mata. Na gaya mata maganar jinin ma. Ta dube ni, ta sa kwalbar a aljihunta.

"Akwai takardar da suka ba ki jiya?"

Muka koma ɗakina ta zaro ta daga jaka. Tana karantawa ina kallon bakinta. Sai na ga ta zauna a bakin gado kamar an ture ta.

"Rabi, yaushe rabonki da al'ada?"

"Ai tun da na fara shan ƙwayoyin nan ta rikice. Sai ta yi wata biyu ba ta zo ba."

"Ƙanwata, ciki gare ki. Juna biyu. Ya kai wata biyu."

Na ce mata ta sake karantawa. Ta sake. Na ce ko takardar wata ce aka ba ni. Ta nuna mini sunana da yatsa, shi kam ina iya karanta shi. Kunnuwana suka toshe, na ga bakinta na motsi ba na jin komai. Shekara goma sha uku. Na sha rubutu, na sha saiwa, na yi kuka a kan sallaya har na haƙura na daina roƙo. Ga shi an gaya mini jiya a gaban idona, da murmushi, an dafa cikina, ni kuwa na tafi ina tunanin datti.

"To maganin fa?" na ce.

Ta ce, "Mace mai ciki ba ta ko kusantarsa. Da kin sha yadda ya ce, da cikin ya zube. Ke ma da wuya ki tsira lafiya."

Mahaifiyar Amna ta tako da ƙarfenta har ɗakina, ta zauna ta rungume kaina a ƙirjinta tana karanta Ayatul Kursiyyu. Na yi amai a kan zanenta, ba ta ko motsa ba.

Amna ba ta jira komai ba. Ta saka mini hijabi ta kai ni asibiti. Muka zauna a bakin ofishin likitar har ta fito. Amna ta ajiye kwalbar a kan teburinta ta yi magana. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Likitar ta cire tabarau, ta tambaya sau uku ko na sha ko da guda ɗaya. Na ce ban iya buɗewa ba. Ta dafe kai da hannu biyu.

Ranar ce na fara jin abin da ake gaya mini tun zuwana. Likitar na faɗa, Amna na juyawa, jimla bayan jimla. Ta ce ciwona ba sanyi ba ne, ba kuma wani ne ya yi mini ba. Garkuwar jikina ce, wadda aka halitta don ta yaƙi cuta, ta rikice ta koma cin gaɓoɓina. Ta sake manna hoton ƙashin ta nuna mini inda bakin ƙasusuwan ya zaizaye. Ta ce abin da ya riga ya lalace ba zai dawo ba, yatsun ba za su miƙe ba, amma ana iya tsayar da ɓarnar. Ta ce da an gano shi a shekarar farko, da wataƙila har yanzu ina sana'ata. Wannan maganar ta fi jan da maɗori ya yi mini zafi.

Sai ta ɗauko takardun da na dangwala wa hannu. Ashe ba magani kawai aka kawo ni karɓa ba, bincike ne. Sabon magani ake gwadawa. Za a raba marasa lafiya gida biyu, wasu a ba su sabon, wasu tsohon, kuma ita kanta likitar ba za ta san wanda aka ba ni ba sai an gama. An rubuta illolin da za su iya biyo baya. An rubuta cewa ina da ikon in ce na fasa duk ranar da na ga dama, ba wanda zai hana ni kulawa. An rubuta cewa mai ciki ba ta shiga, kuma wadda ta shiga ba za ta ɗauki ciki ba har a gama.

"Ta ce duk ta karanta miki wannan, kin ce kin yarda," in ji Amna.

"Gaya mata cewa aka yi in gyaɗa kai."

Likitar ta ja layi a kan takardun, ta ce wannan ba yarda ba ce. Ta ce laifinsu ne da suka amince da tafintan da ba nasu ba, kuma za ta kai maganar gaban kwamitin da ke sa ido a kan binciken. Ta ba ni haƙuri. Babbar likita, da furfurarta, ta haɗa tafukanta a gabana tana ba ni haƙuri. Na rasa inda zan sa idona.

Muna nan sai ga Alhaji, ya je masauki bai same ni ba. Da ya ga kwalbar a kan tebur da Amna a gefena sai ya tsaya a bakin ƙofa.

"Alhaji," na ce, "me na yi maka?"

"Malama Rabi, ai na gaya miki. Na ce miki ciki ne. Ke ce kika ce ciwon ciki."

"Ka ce datti ne."

"To ki tsaya ki ji. Taimakonki na yi. Da wannan hannun za ki riƙe jariri? Wata biyu ai gudan jini ne. Ki warke tukuna, in Allah ya yi sai wani ya zo. Kin san wahalar da na sha kafin in samo miki gurbin nan? In kika fita an ba wata, shi ke nan."

Ba ihu yake ba. A natse yake magana, kamar mai ba ƙanwarsa shawara. Wannan natsuwar ita ta fi ba ni tsoro. Daga baya Amna ta binciko cewa sai mara lafiya ya zauna wata shidan nan a hannunsa yake samun nasa rabon na kuɗi.

Na ce, "Ba ni fasfona."

Ya ce fasfon yana gida. Likitar ta ɗaga waya, wasu ma'aikata biyu suka zo suka fita da shi. Kafin magariba wani direba ya kawo fasfon a cikin leda ya ba mai gadin masauki. Ban sake ganin Alhaji Sabo ba. Bizar Malam kuwa, ashe ko nema ba a yi ba.

Kashegari aka yi mini hoton ciki. Nas ta juyo da allon wajena, na ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake yana bugawa fat-fat-fat. Daga ɗakin na kira Malam. Ranar kasuwa ce, ina jin kukan tumaki da hayaniyar dillalai.

"Malam, ka samu wuri ka zauna."

"Lafiya? Jikin ne?"

"Ciki gare ni."

Shiru. Na zaci layin ne ya yanke. Sai na ji wani a gefensa yana cewa, "Malam Habu, lafiya? Rasuwa aka yi?" Sannan na ji shessheƙarsa. Ban gaya masa sauran labarin ba sai da na dawo gida. Ranar da na gaya masa, ya tashi ya fita, ya je har gidan abokin cinikin nan nasa, ya ce ya sanar da duk wanda ya sani kada a ƙara ba Alhaji Sabo ko da akuya ya kai wani wuri.

Na ƙara mako uku a Indiya, a ɗakin Amna, a kan katifa kusa da gadon tsohuwar. Likitar ta ɗora ni a kan magungunan da ta ce ba sa taɓa ciki. Wani mai gashin ƙashi ya auna hannuna ya yi mini wani maɗauri na roba da nake ɗaurawa a wuyan hannu, ya koya mini motsa yatsu a cikin ruwan ɗumi. Ta rubuta mini wasiƙa zuwa ga wani likitan gaɓoɓi a Kano. Na yi mamaki da na ji akwai masu wannan aikin a Kano, tafiyar 'yan awoyi daga ƙofar gidana, ni kuwa na tsallaka teku. Kafin in tafi ta gargaɗe ni cewa ciwon yakan lafa lokacin goyon ciki, ya dawo da ƙarfi bayan haihuwa, in shirya.

Amna ce ta raka ni filin jirgi. Ta rataya mini fasfona a wuya a cikin 'yar jaka, ta cusa shi ƙarƙashin hijabi. Ta ce in na isa in ɗebo mata ƙasar Daura kaɗan in ajiye, wata rana za ta zo ta ga inda kakanninta suka fito. Ta tsaya tana ɗaga mini hannu har aka juya da ni kwana.

Maganar likitar ta tabbata. Watannin cikin nan su ne mafi sauƙi da na yi a shekara shida, har tuwo na tuƙa da kaina. Na haifi 'ya mace a asibiti, lafiyayya, da yatsunta goma. Sai da na sa aka ƙirga mini su sau biyu. Bayan suna da mako uku ciwon ya dawo kamar an sako shi daga ɗauri. Na kasa ɗaga ta daga shimfiɗa. Ƙanwar mahaifiyata da ta zo zaman jego ita ke yi mata wanka, ta ɗora mini ita a cinya in ba ta nono. Da aka yi arba'in ta koma ƙauye, muka je wajen likitan Kano aka ƙara mini magani, aka ce sai na yi haƙuri kafin ya kama jiki.

Wata safiya yarinyar ta yi ta tsala kuka, ta ƙi nono, ta ƙi kwanciya. Goyo take so, na sani. Na ɗauko zani na tsaya ina kallonsa. Malam ya riga ya tura babur waje zai tafi kasuwa. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Sunkuya," ya ce.

"Malam, mutane fa."

"Sunkuya, Rabi."

Na sunkuya na dafa gwiwoyi da gwiwar hannu. Ya ɗauke ta ya kwantar a bayana, ya yafa zanin, ya zagayo gabana ya ja bakin biyu ya yi musu ƙulli irin na buhun gero. Ya kawo majanyi ya ƙara. Maƙwabciyarmu da ta shigo aron rariya ta tsaya da baki buɗe, sannan ta rufe fuska da gyale tana dariya.

"Ya yi tsauri?" ya tambaye ni.

"Sassauta kaɗan."

Ya sassauta. Na miƙe a hankali, na taka zuwa bakin rijiya na dawo. Kafin in kai karo na uku kukan ya tsaya, na ji numfashinta mai ɗumi a tsakanin kafaɗuna.

Ya hau babur ɗinsa, ya waigo ya ce, "Kada ki kwance. Da azahar zan dawo in sauke miki ita."